Idon Baba na Dama

Mahaifina dillalin dabbobi ne a karar Maigatari. Gidanmu na wani ƙauye a ƙasar Gagarawa, inda yake noman gero da riɗi kamar kowa, amma duk ranar kasuwa, da gari ya waye, zai ɗauki sandarsa da malafarsa ya fita bakin hanya jiran mota. Ya fi shekara talatin yana wannan zirga-zirga, kuma da idonsa yake cin abinci. Zai tsaya a bakin kara, a shigo da garken tumaki daga Nijar, tun suna nesa ya nuna ɗaya da sanda ya ce a ware wancan, ba shi da lafiya. In aka kama ragon aka duba, sai a tarar da majina a hanci ko ciwo a kofato. Fataken Damagaram da masu lodin shanu zuwa kudu duk sun san shi. Abin da ya sa suke nemansa shi ne ba ya ɓoye aibun dabba, ko ta wane ne.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ina aure a Gumel, ina kuma koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Saboda aiki ba na zuwa gida sosai, shi ya sa na makara wajen gane abin da ke faruwa. Innarmu ce ta fara faɗa mini a waya cewa Baba ya fara zuba shayi a gefen kofi, kuma mako uku ke nan bai je kasuwa ba, wai ƙafa ce ke damunsa. Da na zo ƙarshen mako na same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, amma ba fuskata yake kallo ba, inda muryata take fitowa yake kallo. Na matsa kusa. Tsakiyar baƙin idonsa na dama ta yi fari kamar an ɗiga nono.

"Baba, tun yaushe?"

"An kwana biyu," in ji shi. Daga baya na gane kwana biyun nan ya kai shekara uku. Da hannu da kunne ya riƙa yin dillancin, har ranar da ya shafa wata saniya ya yaba ta, mai saye ya nuna masa cewa ido ɗaya gare ta. Tun daga ranar bai sake komawa ba.

Akwai wani amininsa, bafatake daga wajen Damagaram, da ya zo duba shi a wannan makon. Shi ya kawo labarin wani mai cire yanar ido na gargajiya da ke zama a kasuwar Sule Tankarkar. Ya ce ba sai an je wurin lokotoro ba, wato likita, mutumin a ƙarƙashin bishiya yake aikinsa da wani ɗan tsinken ƙarfe, kuma ya yi rantsuwa cewa duk wanda ya taɓa, a take zai tsinci allura a cikin yashi.

Baba ya ce, "Duk wanda ya taɓa?"

"Duk wanda ya taɓa. Haka ya ce."

"To ba zan je ba. Ni na san irin wannan baki, a cikinsa na tsufa. In dillali ya ce maka ba a taɓa dawo masa da dabba ba, ka riƙe kuɗinka ka yi gaba."

Na ji daɗin wannan amsa, amma ni ma a ranar na yi irin bakin da ya ƙi. Wata maƙwabciyata a Gumel an yi wa surukarta aikin yana, washegari tsohuwar ta dawo tana tsintar shinkafa. Na kuma karanta a waya cewa aikin ba ya ɗaukar lokaci, kuma kusan kowa yana warkewa. Na ce, "Baba, ka biyo ni asibiti. Abin ba komai ba ne yanzu. Idonka zai dawo kamar na da, har ka fi samari gani." Ya sa aka haɗa masa kaya.

Asibitin da aka tura mu yana da sashen ido, kuma likitar da ke wurin mace ce, ba za ta girme ni ba. Siririya ce, ba ta da yawan magana. Ta daɗe tana duba shi. Ta ɗiga masa magani, muka jira, ta sake dubawa da na'ura, ta haska masa fitila ta kowane gefe tana tambayarsa daga ina hasken yake zuwa. Idon dama ya nuna daidai duk inda ta kai fitilar. Na hagu kuwa sai da ya yi ta lalube. Da ta gama ta jawo kujerarta kusa da shi, ba kusa da ni ba, duk da ni ce mai riƙe da kati.

"Baba, zan faɗa maka abin da na gani, in akwai inda ban fito da shi sosai ba ka tsayar da ni. Idonka na hagu ba yana ce kaɗai matsalarsa ba. Akwai hawan jinin ido, kuma ya riga ya cinye jijiyar gani. Ko na cire yanar, abin da za ka samu kaɗan ne ƙwarai. Wannan magani za mu riƙa ɗiga masa don kada ya yi maka ciwo, kuma ɗan hasken da ya rage ya tsaya. Na dama jijiyarsa da sauranta. Shi za mu yi wa aiki. Amma yanar ta daɗe, ta yi tauri, irin wadda take ba da wahala wajen fitarwa."

"In an yi, me zan gani?"

"In Allah ya yarda za ka ga hanya, ka ga abincinka, ka gane fuskar mutum. Karatu sai da tabarau. Amma idon da kake da shi kana ɗan shekara arba'in, ba ni da shi da zan ba ka. Kuma aiki ne, ana iya samun tangarɗa. Ba kasafai ba, amma a irin taka yanar ta fi yiwuwa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, ai tsoratar da shi kike yi. Na ga waɗanda aka yi wa, washegari suka warke sarai."

Ta ce, "Gaskiya ne, Malama, suna da yawa, ina fatan Baba ya shiga cikinsu. Amma idonsu daban, nasa daban, kuma nasa ne a gabana."

Baba ya yi 'yar dariya ya ce, "Uwata, bar ta. A sa mana rana."

Ranar aikin mun je da safe. Tsofaffi ne jere a kan benci, kowa da ɗan rakiyarsa, an yi wa kowa alama a goshi ta saman idon da za a taɓa. Ana shiga da mutum, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an fito da shi da bandeji. Baba ne na biyar. Aka shiga da shi, na zauna ina jan carbi. Lokacin da na ga sauran sun ɗauka ya wuce, ya ninka. Wata nas ta fito da sauri ta ɗauko wani abu a wani ɗaki ta koma.

Da aka fito da shi yana tafiya da ƙafarsa, nas na riƙe da hannunsa, har yana yi mata godiya. Ita likitar ba ta bari an shigar da na shida ba. Ta fito da hular aikinta a kai, ta zo inda muke zaune, ta durƙusa a gaban Baba.

"Baba, kana jina? Aikin bai tafi yadda na so ba. A cikin ido akwai wata 'yar jaka mai laushi da yanar take zaune a ciki, a nan muke saka ɗan gilashin da zai maye gurbinta. Ina cikin fitar da yanar jakar ta yage. Na tsaya na share abin da ya kamata a share, na saka gilashin a wani mazaunin da zai riƙe shi. Ya zauna. Amma idon ya sha taɓawa fiye da na sauran, zai kumbura. Gobe in an buɗe, kada ka sa ran ganin abin da za su gani. Naka zai ɗauki makonni, kuma zan riƙa kiranka akai-akai."

Na ce, "Wato kuskure kika yi."

Mutanen da ke kan benci suka juyo suna kallonmu. Ta ɗago ta dube ni, ba ta kau da ido ba.

"A hannuna ya faru, Malama. Ba zan ɗora wa kowa ba. Ko wani hannun da ya fi nawa zai kauce masa, ban sani ba, domin na ga ya faru a hannun waɗanda suka koya mini. Abin da na sani shi ne abin da za mu yi daga yanzu."

Ta rubuta magunguna, ta nuna mini da hannunta yadda ake jan fatar ido ta ƙasa a ɗiga ba tare da bakin kwalbar ya taɓa idon ba, ta sa na gwada a gabanta. Sannan ta wanke hannu ta koma ciki, domin akwai mutum shida da ke jiranta. Na daɗe ina tunanin wannan komawar. Ni in aji ya ɓata mini rai da safe, sauran azuzuwan ranar duk sai sun ji a jikinsu.

Washegari aka jera su aka fara cire bandeji. Wani tsoho daga Sule Tankarkar yana buɗe ido ya hau kabbara, wata tsohuwa ta riƙe fuskar 'yarta tana kuka. Da aka zo kan Baba, ya ƙifta, ya ƙifta, ya juya kai hagu da dama.

"Me kake gani, Baba?" in ji likitar.

"Haske. Da wani abu yana motsi, ina jin hannunki ne. Kamar ina cikin ɗakin girki an hura ɗanyen ice."

"Haka na zata. Kumburi ne. Mu ba shi lokaci."

Baba ya zauna a gidana a Gumel. Maigidana ya bar masa ɗakin baƙi, ni kuma na koma mai gadin agogo: wannan magani sau kaza, wancan sau kaza, ba sunkuyo, ba wanke fuska da ƙarfi, sallah a zaune. A mako na farko ba abin da ya canja. Mun koma asibiti likitar ta ce ruwan idon ya hau, ta ƙara wani magani. Ni dai gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita, ita ma a taƙaice. A raina na riga na yanke cewa ta ɓata wa mahaifina ido, har na fara tambayar mutane wani asibitin a Kano. Abin da ban yarda na gaya wa kaina ba a lokacin shi ne, rabin fushin nan kunyar alkawarin da na yi masa a zaure ce.

A zuwanmu na uku ne Baba ya yi mata magana. Ta gama duba shi tana rubutu, sai ya ce, "Likita, ni ban ga fuskarki ba tukuna, amma ina jin muryarki. In kina magana da sauran tsofaffin nan daban take, in kin zo kaina sai ta yi nauyi. Abin nan yana cin ki."

Ta ajiye biro. Ta ce, "Yana ci na, Baba. Na maimaita aikin nan a kaina ban san iyaka ba. Na kira malamina na ba shi labari tun daga farko, ya ce abin da na yi bayan yagewar shi ne daidai. Duk da haka ina cewa da na rage sauri a wuri kaza, da na juya hannu ta wancan gefen."

Baba ya ce, "Bari in ba ki labari, 'yata. Ina da ƙuruciya a sana'ar nan, wani mutum ya ce in zaɓa masa raƙumi. Na duba haƙori, na duba ƙafa, na duba tozo, na sa aka durƙusar da shi aka tashe shi. Na ce masa ka saya, lafiyayye ne. Kwana huɗu raƙumin ya faɗi a hanya ya mutu. Wani ciwo ne a ciki wanda ido ba ya kaiwa. Na je na sami mutumin na ce ni na zaɓa, ni na ce ka saya. Daga nan na shige gida, kasuwa biyu ban fita ba. Maigidan da ya koya mini dillanci ya zo har ƙauyenmu ya ce, to kai da ka ɓuya, mutanen da suka saba nemanka a hannun wa ka bar su? A hannun waɗanda ko haƙorin ba za su duba ba. Ranar kasuwa ta gaba na fita."

Likitar ta yi murmushi, karon farko da na ga haƙoranta. Ta ce, "Ni ma na taɓa irin wannan ɓuyan, Baba, sai dai nawa a cikin asibiti na yi shi. Da na fara aiki ba na son a ce ko mutum ɗaya ya sami matsala a hannuna. In na ga yana mai tauri irin taka, sai in rubuta takarda in ce a tafi babban asibiti. Aikina ya yi kyau, kowa na yabo. Sai wata rana aka dawo mini da wata tsohuwa da na tura. Ba ta je ba, ba ta da mai kai ta birni. Masu tsinken kasuwa ta je wa, idon ya mutu gaba ɗaya. Tun daga nan, in na san aikin bai fi ƙarfina ba, ina yi, in kuma faɗa wa mutum gaskiyar abin da zai iya faruwa. Wanda ya fi ƙarfina har yanzu ina turawa."

Ina tsaye a bayan kujerar Baba da jakar magani a hannu, na rasa inda zan sa idona. Da za mu fita na bari ya yi gaba da nas, na dawo na ce, "Likita, ki yi haƙuri da abin da na faɗa ranar nan a gaban mutane."

Ta ce, "Mahaifinki ne. Da nawa ne, ina jin da na faɗi abin da ya fi haka. Ki dai ci gaba da ɗiga maganin a kan lokaci, rabin aikin yanzu a hannunki yake."

Hayaƙin ya riƙa washewa a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da ya tafi ba. Wata safiya na ajiye masa koko, ya miƙa hannu ya ɗauki ludayin kai tsaye ba lalube. Wata rana ya ce wa maigidana rigarsa shuɗiya ce, kuma shuɗiyar ce. A mako na bakwai ko na takwas muna zaune a ƙofar gida da la'asar, wani ya wuce da akuya a ɗaure a bayan babur, Baba ya bi ta da kallo ya ce, "Wannan tana da ciki." Na shiga ɗaki na yi kukana ni kaɗai.

Da aka gwada shi a allon haruffa, ya karanta layukan sama, na ƙasa suka gagara. Aka yanka masa tabarau, ya ƙara layi biyu, nan ya tsaya. Likitar ta ce, "Baba, ina jin iyakar abin da idon nan zai ba mu ke nan. Na so ya fi haka." Ya ce, "Ni da na zo a jaye? Ai kin ba ni hanya, kin ba ni Alƙur'anina mai manyan baƙi. Sauran na bar wa samari." Ya tambaye ta ko za ta gwada na hagun, tunda an ga amfanin wannan. Ta ce a'a, ba za ta sa shi cikin wahalar aikin da ta san ba zai amfane shi ba. Ya ce shi ke nan.

Ganin nasa bai koma kamar na da ba, kuma bai taɓa cewa ya koma ba. Rana mai ƙarfi tana kashe masa ido, sai da baƙin tabarau. Da magariba ba ya son tsallaka titi shi kaɗai. Ya koma kara, amma ya daina tsayawa daga nesa yana nuni da sanda. Sai ya shiga cikin garken, ya kama dabba, ya kai fuskarsa kusa. Tsofaffin ƙauyenmu da na maƙwabta masu yana suka fara zuwa zaurensa neman shawara, shi kuma ya riƙa gaya musu komai, har da jakar da ta yage da makonnin hayaƙi. Wasu suka tsorata suka fasa. Da yawa suka tafi, wasunsu ma ni na raka su. Amininsa na Damagaram, da tasa yanar ta kama shi, ta kan iyaka ya tsallako ya zo, kuma nasa aikin lafiya lau aka gama, washegari yana ta surutu.

Bayan kamar shekara biyu aka yi wa likitar canjin wurin aiki. Ban sani ba sai da na gamu da ita a tashar motar Gumel, da akwatuna biyu da kwalin littattafai, tana jiran mota ta cika. Na gaishe ta ina shirin tuna mata ko ni wace ce, domin mutanen da suka ratsa hannunta ba su ƙirguwa. Sai ta riga ni.

"Malama, ya Baba? Har yanzu rana tana damun idon daman?"

Na ce tana damunsa, amma yana zuwa kasuwa. Na kira shi a waya na miƙa mata. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye, yana ta jero mata addu'a, ita da iyayenta da malaman da suka koya mata. Ta saurara har ya gama, tana amsawa da amin. Sannan ta tambaye shi maganin idon hagu, ko yana ɗigawa safe da yamma. Ya ce ranar kasuwa dai yakan manta. Nan ta tsaya a tsakiyar tasha, direba na kiran fasinja, tana yi wa mahaifina faɗa, shi kuma yana cewa, "To, Likita. Na ji, Likita. Ba zan ƙara ba."